Fakitin zanen titin Zango don masu haɗa wasa: daga ina zan fara, kuma ta ina kuɗin zai shigo?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san harkar sayar da kayan zane ga masu haɗa wasannin kwamfuta da na waya. Ina so in haɗa fakitin zanen fiksel na unguwar Zango irin tamu ta Kumasi: gidajen kwano, lunguna, kwata, teburin mai waakye (shinkafa da wake), kiyos ɗin MoMo (tura kuɗi ta waya), trotro (ƙaramar bas ta haya), pragya (keke mai ƙafa uku na fasinja), aboboyaa (mai ƙafa uku na ɗaukar kaya), masallacin unguwa, tumaki da awaki. Da Krita nake zane, kwamfutar ma ba mai ƙarfi ba ce. Abin da nake son sani: tayil ɗin, wato ɗan murabba'in zanen da ake jerawa a gina taswirar wasa, ya zama fiksel 16 ko 32? Abu nawa ya kamata ya kasance a ciki kafin a ce fakiti ya cika? A ina ya fi a sayar? Sannan ta ina kuɗi zai iso hannun mutum a Gana, tunda kowa ya san wahalar karɓar kuɗi ta PayPal a nan? Allah ya saka da alheri.

Baban Tayil:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin ka zana ko da akuya ɗaya, ka gane wanda kake wa aiki. Wanda zai sayi fakitinka ba hoto yake saye don ya kalla ba, lokaci yake saye. Yana so ya sauke fayil, ya zuba a Godot ko Unity (injinan haɗa wasa) ko Tiled (manhajar gina taswira), cikin rabin awa ya gina unguwa ɗaya wadda ɗan wasansa zai yi yawo a ciki. Kai mai buga bulo ne, shi ne magini. Bulo ɗaya ya fi sauran tsawo da ɗan yatsa, katanga ta karkace, kuma kai zai zaga.

Ka ɗauki 16 x 16. Dalili na farko lissafi ne: tayil mai 32 x 32 fiksel 1,024 ne, mai 16 x 16 kuwa 256, wato aikin ya ninka huɗu a kan kowane abu, kuma kowane motsi da za ka zana haka zai ninka. Dalili na biyu allo ne. Masu wasan fiksel da yawa suna gina wasansu a kan 320 x 180, domin in an ninka shi sau 4 ya ba da 1280 x 720, sau 6 ya ba da 1920 x 1080 cif, babu fiksel ɗin da zai miƙe ya fi ɗan'uwansa. A wannan allon tayil 20 ne a kwance, 11 da ɗan ɗoriya a tsaye. Dalili na uku, masu manhajar haɗa wasa ta RPG Maker MV da MZ tayil ɗinsu 48 x 48 ne. 16 sau 3 shi ne 48, saboda haka kana iya ba su nasu kwafin ba tare da ka sake zane ba. 32 kuwa sai an ninka da ɗaya da rabi, nan take layuka su lalace, wani ya yi kauri wani ya yi siriri.

Daga nan ka rubuta dokokin fakitin a takarda ka manna kusa da allo, domin wata biyu da fara aiki ido yakan sauya ba tare da ka lura ba. Kallon daga sama ne a karkace, ana ganin rufi da fuskar gini, ba a ganin gefe. Haske daga sama ta hagu yake zuwa a kan komai. Mutum faɗinsa tayil 1, tsayinsa tayil 2. Ƙofa tayil 2 a tsaye, kada ta gaza haka. Trotro kamar tayil 5 zuwa 6 a tsawo, pragya 3. In za ka yi wa abubuwa baƙin layi a gefe, ka yi wa duka, in ba za ka yi ba ka bari gaba ɗaya. Fakitin da rabinsa da layi rabinsa babu, mai saye zai ɗauka daga wurare biyu ka tsinto shi.

Launi kada ya wuce 32, in ka iya 24 ma ya fi. Ka tsara su jeri-jeri, kowane jeri launi 4 ko 5 daga duhu zuwa haske: jan ƙasa, tsatsar kwano, tokar siminti, koren ganye, shuɗin fentin ƙofa, da launin fata aƙalla jeri biyu. Kada ka yi inuwa ta hanyar zuba baƙi kawai a kan launin, zanen zai fito kamar an shafa masa toka. Ka karkatar da inuwa zuwa shuɗi ko shunayya, hasken kuma zuwa rawaya. Ga fatar baƙin mutum musamman, inuwar ta karkata zuwa ja mai duhu, ba ruwan toka ba. A nan ne fakitocin waje da yawa suke faɗuwa, kai kuma a nan za ka fi su.

Yanzu abin da kowa ke gudu, wato ƙasa. Trotro da mai waakye su ne masu daɗin zane, amma abin da zai rufe mafi yawan allon shi ne jan ƙasa, kwalta, siminti da kwata. Kowace irin ƙasa tana buƙatar tayil ɗin tsakiya da a ƙalla wasu 3 ko 4 masu ɗan bambanci (tsakuwa, tsagewa, ledar ruwa da aka yar), in ba haka ba ido zai kama maimaicin tun daga nesa. Sannan mahaɗa: inda ƙasa ta haɗu da kwalta, inda siminti ya haɗu da ƙasa. Injinan wasa suna da tsarin da ke zaɓen tayil ɗin gefe da kansu, mai haɗa wasa yana shafa kawai. Iri biyu ne. Wanda ke duba kusurwa huɗu kaɗai yana cin tayil 16. Wanda ke duba maƙwabta takwas duka yana cin 47, domin daga yanayi 256 da za a iya samu, 47 ne suka bambanta da gaske. Ka yi na 47 ga ƙasa da kwalta, na 16 ya isa ga ciyawa da taɓo. In ka bar kusurwar ciki guda ɗaya ba ka zana ba, rami zai bayyana a taswirar mutum, kuma wannan shi ne ƙorafin da za ka fara gani a ƙarƙashin shafinka.

Kwata ka ɗauke ta a matsayin tsari mai zaman kanta: miƙaƙƙiya a kwance, a tsaye, kwana huɗu, mahaɗa mai reshe uku, ƙarshe, da wadda aka ɗora wa katako ko silab don tsallakawa. Gidaje kuma kada ka zana su guda-guda a dunƙule. Ka yanka: bangon hagu, tsakiya, dama, taga a buɗe da a rufe, ƙofar ƙarfe da ta katako, rufin kwano sabo da mai tsatsa, da bakinsa da kusurwarsa. Da guntaye kamar 40 mutum zai gina gida iri-iri da kai kanka ba ka yi tunaninsu ba. Ka ƙara gidaje 4 ko 5 da ka riga ka haɗa don masu gaggawa.

Game da yawa, ba lamba ce ke cika fakiti ba. Ka buɗe Tiled, kyauta ne, ka gina taswira mai tayil 40 x 30 da kayanka kaɗai: titi, lungu biyu, bakin kasuwa, tasha. Duk inda ka tsaya ka ce "da ina da kaza", ka rubuta shi ka je ka zana. Ranar da ka gama taswirar ba ka tsaya ba, fakitin farko ya cika. A ƙiyasina hakan zai kai ka wajen tayil 300 zuwa 400 in an haɗa da na ƙasa.

Hajiyar Asawase:

Baban Tayil ya gama da zane, bari in ɗora da fitar da fayil, don a nan ne zane mai kyau yake zama abin da ake neman a mayar da kuɗinsa.

Ɗana, Krita tana iya fiksel, amma ka kula da alƙalamin da kake amfani da shi. In yana laushe gefe, zai bar fiksel masu rabin gani a kewayen kowane abu. A farin allo ba za ka gan su ba, amma da an ɗora akuyar a kan kwalta sai ka ga wani fari-fari ya zagaye ta. Gwajin mai sauƙi ne: ka sa shimfiɗa mai launin hoda mai ƙarfi a ƙarƙashin dukan zanen, sannan ka sa baƙa, ka zuƙo hoton ka duba gefuna. Kowane fiksel ko dai yana nan gaba ɗaya ko babu shi. Inuwar ƙasa ce kaɗai za ta zama mai rabin gani, ita ma ka fitar da ita daban, domin wani yana da nasa tsarin hasken kuma ba ya son taka. In kana son manhajar da aka gina don wannan aikin, Aseprite ce aka fi sani, ta kuɗi ce, kusan dala 20. LibreSprite da Pixelorama kyauta ne kuma ba sa wahalar da ƙaramar kwamfuta.

PNG kawai. JPG ba ya ɗaukar wuri marar launi, kuma yana dama launuka. Ka fitar a ainihin girma, kada ka ninka. Wanda aka ninka sau 3 na RPG Maker ya zauna a tasa foldar.

Akwai matsalar da ake gani a Unity da sauran injina, siraran layuka suna walƙiya tsakanin tayil da tayil idan kyamara na tafiya. Abin da ke jawo ta shi ne katin hoto yana ɗebo launi daga tayil ɗin da ke maƙwabtaka a cikin babban faifan, wato hoton da aka jera dukan tayil a ciki, musamman in kyamara ta tsaya a rabin fiksel. Maganin daga ɓangarenka: ka ba da faifai biyu. Ɗaya a matse, babu tazara, na masu Tiled da Godot. Ɗaya kuma wanda aka miƙa gefen kowane tayil da fiksel 1 a kowane ɓangare, sai tazarar ta zama fiksel 2 tsakanin tayil biyu. Ka rubuta waɗannan lambobin a fili, don in mutum ya yanka faifan da lissafin da ba daidai ba komai zai goce. Maganin daga ɓangarensu kuma ka rubuta musu a ɗan fayil ɗin bayani: a Unity, Filter Mode ya zama Point, Compression ya zama None, Pixels Per Unit ya zama 16, a kashe Mip Maps. A Godot 4 a mayar da tace hoto zuwa Nearest. Layi biyar ne, amma za su rage maka saƙonnin "zanenka ya yi dishi-dishi", alhali laifin saitinsu ne.

Faɗi da tsayin faifan da ke a matse su rabu da 16 ba saura, kuma kada ya wuce 2048 x 2048 saboda tsofaffin wayoyi. Da tayil mai 16 ma ba za ka kusanci haka ba. Manyan abubuwa irin su trotro, bishiyar mangwaro, tankin ruwa, sandar wuta, ka fitar da kowanne daban ban da faifan, kuma ƙasan abin ya zauna daidai kan layin tayil. Injin yana duba inda ƙafar abu take ne ya yanke wa ke gaba wa ke baya. In ka bar fili marar komai a ƙarƙashin bishiya, ɗan wasa zai tsaya a gabanta amma a gan shi a bayanta.

Sunan fayil: ƙananan haruffa, babu tazara, kuma don Allah babu ƙ, ɗ, ɓ. Na san da ciwo, amma wasu manhajojin matse fayil da na gina wasa suna mayar da su shara. Sunayen da Turanci, tunda da shi mai saye zai nema. Lamba kuma 01, 02, har 10, in ka rubuta 1, 2, 10 wasu manhajoji za su jera 10 kafin 2, tafiyar mutum ta hargitse.

Abu na ƙarshe: bayan ka matse komai a zip, ka buɗe shi a wata kwamfutar, ka fara sabon aiki a Godot, ka bi bayanin da ka rubuta kalma bayan kalma kamar baƙo. Kuma ka riƙa ajiye kwafi a waje kullum, ba sai na tuna wa ɗan Kumasi abin da ɗauke wuta yake yi wa fayil ɗin da ke buɗe ba.

Mai Lissafi:

Ni batun kuɗi zan taɓa, sannan in faɗi wata magana da ƙila ba za ta yi daɗi ba.

Ka fara da itch.io, shafin sayar da wasanni da kayan haɗa su. Buɗe shafi kyauta ne, ba sai an tantance kayanka kafin su fito ba, kuma kai kake zaɓen kason da za su ɗauka, abin da suka saka tun farko kashi 10 ne cikin 100. Hanyar karɓa biyu ce: ko kuɗi ya faɗa kai tsaye asusunka na PayPal ko Stripe, ko su tara maka su biya daga baya. Ta biyun za ka zaɓa, domin ita ce ke biya ta Payoneer, kamfanin karɓar kuɗi daga waje, Payoneer kuma kana iya cirewa zuwa asusun banki a Gana. Sunan da ke Payoneer, da na banki, da na Ghana Card su zama iri ɗaya harafi da harafi. Wannan ya fi damun mu 'yan Zango, wanda a kati Mohammed ne, a banki Muhammad, a takardar makaranta Mahama. Ka daidaita tun kafin kuɗi ya taru. Kada kuma ka bi masu cewa su buɗe maka PayPal da adireshin wata ƙasa. Ranar da aka nemi shaidar zama ba ka da ita, ana iya riƙe kuɗin har kwana 180, asusun kuma ya tafi.

Za ka cike bayanin harajin Amurka, fam ɗin da ake kira W-8BEN. Gana ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, saboda haka kashi 30 cikin 100 ne ake riƙewa a kan kuɗin da ya fito daga can. Wurin lambar haraji, lambar Ghana Card ɗinka ita ce lambar harajinka tun 2021. Ga lissafin fakitin dala 10: itch ya ɗauki dala 1, kamfanin katin kuɗi ya ɗauki kusan kashi 2.9 da santi 30, wato kusan santi 59, saura dala 8 da santi 40. In harajin Amurka ya hau kai, abin da zai rage bai kai dala 6 ba, kafin Payoneer ta cire nata wajen canji zuwa sidi. Yanzu ka gwada da fakitin dala 1: wannan santi 30 ɗin ba ya raguwa, kusan santi 43 sun tafi tun kafin haraji. Shi ya sa sayar da abu a dala 1 wahalar banza ce. Ko ka ba da shi kyauta ya jawo maka mutane, ko ka sa dala 5 zuwa sama. Fakitin da Baban Tayil ya bayyana, ni zan fara shi a dala 6 zuwa 8, in ƙara farashi duk lokacin da na ƙara kaya masu yawa. Waɗanda suka saya da wuri suna samun ƙarin kyauta, kuma su ne za su yi maka talla.

Unity Asset Store kashi 30 suke ɗauka, mafi ƙarancin farashi dala 4.99, suna duba kaya kafin su amince, kuma lasisinsu ne ke aiki ba naka ba. Biyansu ta PayPal ne ko ta banki, na bankin kuma ba kowane wata ba ne. Fab na kamfanin Epic, wanda aka buɗe a Oktoban 2024, yana bar wa mai kaya kashi 88, amma ƙarfinsa a kayan 3D yake. Waɗannan na gaba ne, bayan fakitin ya tsaya da ƙafarsa.

To ga maganar. Wa zai sayi titin Zango? Yawancin masu sayen fiksel wasan noma suke yi, ko na kurkuku da dodanni, ko na birnin zamani. Mai haɗa wasa a Poland ko Burazil bai san aboboyaa ba, ba zai rubuta ta a wurin nema ba. Ɗakunan haɗa wasa na Afirka irin su Leti Arts, da aka kafa tun 2009, suna da masu zanensu. Ina tsoron ka yi wata huɗu kana aiki ka samu yabo mai yawa da ciniki kaɗan.

Baban Tayil:

Malam Mai Lissafi, lissafinka daidai ne, amma ban bi ka a ƙarshe ba. In ya je ya zana daji da kurkuku, a can da wa zai yi takara? Da dubban fakitoci, da kuma Kenney wanda yake raba kaya masu tsabta kyauta ƙarƙashin CC0 (lasisin da ya bar kowa ya yi amfani da su yadda ya so), da OpenGameArt. Sabon shiga ba ya cin wannan kasuwar. Abin da yaron nan ya sani wanda su ba su sani ba, yadda tsatsa ke bin ƙusa a kan kwano, yadda ake jera bokitai a bakin famfo, yadda tabarmi ke fitowa titi ranar Juma'a, shi ne jarinsa.

Inda nake ba ka gaskiya shi ne wajen tsari da suna. Ya gina fakitin hawa biyu. Na ƙasa: jan ƙasa, kwalta mai ramuka, gidan bulo da kwano, shagon kwantena, sandar wuta da wayoyi, tankin ruwa, rumfar kasuwa. Wannan zai yi wa mai wasan da aka kafa a Legas, Nairobi, ko wani garin zafi da ya ƙirƙira. Na sama: abubuwan da suka sa ya zama Zango. Sunan shafin da kalmomin nema su bi abin da mai saye zai rubuta da Turanci, wato gari, kasuwa, Afirka, kallon sama, 16x16, sannan Zango ta zo a cikin bayani. Kuma kafin ya kashe wata huɗu, ya fitar da ɗan ƙaramin yanki kyauta, tayil 50 zuwa 60 da za su gina lungu ɗaya. itch yana nuna maka mutum nawa suka kalla, nawa suka sauke, daga ina suka zo. Wata ɗaya ya isa ya ga ko akwai masu so. In ya dace da lokacin taron haɗa wasa cikin kwana biyu, irin Global Game Jam da ake yi a Janairu, ya fi kyau, lokacin ne ake wawar kayan kyauta.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura biyu. Mutane fa, in saka su a fakitin farko ko in raba? Sannan ina so in sa kente (saƙaƙƙen yadin Gana) da alamomin gargajiya na adinkra a rumfar masu yadi, da rubutun Larabci a jikin masallaci da bayan trotro. Akwai matsala?

Hajiyar Asawase:

Mutane ka raba su, amma ka sa guda 2 a fakitin farko, namiji da mace, don a ga ma'auni. Ka duba aikin da ke cikin mutum ɗaya: fuska huɗu, gaba, baya, hagu, dama. Tsayuwa firem 4 (firem shi ne hoto ɗaya a cikin jerin motsi), tafiya firem 6, goma ke nan sau huɗu, 40. In ka juya na dama ya zama na hagu ka rage zuwa 30, amma juyawar tana da tarko: hasken da ke hagu zai koma dama, buta ko jakar da ke hannun dama za ta koma hagu, karin hula ma ya sauya. A 16 x 32 hasken ba ya damun kowa sosai, abin hannu kuwa ana gani. Duk firem su zama girma ɗaya, ƙafa a kan layi ɗaya, in ba haka ba mutum zai riƙa tsalle yana tafiya. A firem ɗin da ƙafafu suka buɗe jiki ya sauka da fiksel 1, wannan kaɗai ke ba tafiya nauyi. Ka fara da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ga kowane firem, ka rubuta hakan a bayani.

Dabarar da za ta cece ka: ka zana jiki ɗaya tsirara na asali da dukan motsinsa, sannan tufafi a shimfiɗa daban a kansa, jallabiya, hijabi, batakari (rigar saƙi ta arewacin Gana), rigar makaranta, hula, faranti a ka. Doguwar riga ma sauƙi ce, tana rufe ƙafa, bakinta kawai za ka motsa. Da jiki 2 da tufafi 8 da sauya launi kana da cikar kasuwa. Ka ba da fayil ɗin asali mai shimfiɗu, masu saye suna biya don shi.

Mai Lissafi:

Kan kente da adinkra ka yi hattara. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, Act 690, ta sa kayan gargajiya a hannun ƙasa, kuma amfani da su don kasuwanci yana buƙatar izini daga hukumar kula da al'adun gargajiya, National Folklore Board, tare da biyan kuɗi. Kente da adinkra suna ciki, kuma dokar ba ta ware ɗan ƙasa ba. Matsalarka ta ninka, domin ba kai kaɗai za ka yi amfani da su ba, kana sayar wa wasu izinin su sa a wasannin da za su sayar, izinin da ba naka ba ne. Ko ka tuntuɓi hukumar a rubuce kafin ka fitar, ko ka zana yadi masu launi da zanen da ka ƙirƙira. A fiksel 16 ɗin nan ma ratsin rawaya da kore da ja ya isa ido ya gane rumfar yadi ce.

Haka tambarin kamfani. Kiyos ɗin ya zama rawaya in kana so, amma babu sunan kamfanin waya ko tambarinsa, babu tauraron Benz a gaban trotro, babu sunan kamfanin tanki ko na lemo. Mai haɗa wasa da ya san abin da yake yi ba zai taɓa fakitin da ke da tambarin wani ba.

Rubutun Larabci kuwa ba doka ce ta hana ba, amma ka tuna ba ka da iko da inda tayil zai je. Wani zai sa shi a ƙasa a taka, wani zai sa a fasa ginin da bam. Kada aya ko sunan Allah ko na Annabi (SAW) su shiga fakitin. Hasumiya, koren fenti, lasifika, butoci da takalma a bakin ƙofa sun isa a san masallaci ne. Allunan shago da bayan trotro ka bar su fili, kowa ya rubuta nasa, in ka ga dama ka haɗa da ƙananan haruffan fiksel da ka zana da kanka.

Lasisinka a itch ka rubuta shi gajere cikin fayil da kuma a shafin: an yarda a yi amfani da shi a wasan kyauta da na sayarwa, an yarda a gyara, ba a yarda a sake sayar da kayan ko a raba su a matsayin fakiti ba, ko an gyara, ambaton suna ba dole ba ne ko dole ne, ka zaɓi ɗaya ka faɗa. Ka faɗi matsayinka kan ciyar da zanen ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Tun ƙarshen 2024 itch yana tambayar masu sayar da kayan zane ko sun yi amfani da irin waɗannan manhajoji, ka amsa gaskiya, masu saye da yawa suna tace nema da wannan.

Hoton fuskar shafi 630 x 500 ne. Kada ka sa faifan tayil a wurin, ka sa yanki mafi kyau na taswirar da ka gina a Tiled, a ninka shi sau 2 ko 3 cif ba tare da laushi ba, sunan fakitin da manyan haruffan da za a karanta a waya. A ƙasa ka sa GIF na mutum yana tafiya a lungu, sannan hoton dukan abin da ke ciki don kada wani ya ce an ɓoye masa. Wannan na ƙarshen ka rage masa girma ko ka ɗora masa rubutu, in ba haka ba ka raba fakitin kyauta ke nan.

Baban Tayil:

Ƙari ɗaya kan motoci tunda su ne za su ja ido a hoton fuska. Trotro na buƙatar fuska huɗu shi ma, kuma na gefe biyu ba juyin juna ba ne, domin ƙofar fasinja a dama take, Gana a dama ake tuƙi tun 1974. Ka zana gefen ƙofa a buɗe da a rufe, kaya a saman rufi kuma a shimfiɗa daban. Taya firem 2 ya isa, tare da jikin motar yana hawa da sauka da fiksel 1. In ka gama lungun farko ka ɗora hotonsa a nan a ainihin girmansa mu duba mahaɗar kwata da kusurwoyin rufi kafin ka ci gaba.